Zakaru Ashirin da Uku

Talata, 8 ga Yuli, biyar na yamma

Shekara biyu da wata tara rabona da in leƙa garinmu Kamba. Yau da safe na zauna na ƙirga su, don sigina, takardar umarni daga hedikwata, ta iso: an amince a mayar da ni Kebbi, bayan takardar roƙo shida da na rubuta. Sharaɗi ɗaya ne, in kai kaina can zuwa ranar Juma'a 15 ga Agusta, in ta wuce a ba wani gurbin. Na kira matata Kulu na gaya mata. Ta ce, "To Malam, sai mun gan ka da ido." Ban tambaye ta ciwon ƙafarta ba, ita ma ba ta ɗauko zancen ba.

Abin da ya rage shi ne in miƙa siton kayan shaida ga Saja Francisca, ta ƙirga, ta sa hannu. Shekara goma sha ɗaya makullin siton nan yana aljihuna, ko allura ba ta taɓa ɓacewa ba. Aikin kwana biyu ne.

Da safe ke nan. Da azahar motar sintiri ta dawo daga bayan Akurba da mutum bakwai da buhu huɗu masu motsi. A wani kango aka same su suna haɗa zakaru faɗa, ana zuba caca a kai. Oga, shugaban ofishinmu, ya sa an kira 'yan jarida, an jera mutanen a ƙasa, an ɗauki hoto. Sannan ya ce in shigar da zakarun a rajista. Na ce ranka ya daɗe, rajistata ta babur ce da adda da wayar sata, babu gurbin abin da ke numfashi. Ya ce, "Labbo, rubuta."

Na rubuta. Zakara ashirin da uku, reza goma sha huɗu, zaren ɗauri ƙulli ɗaya. Na sa hannu.

Laraba, 9 ga Yuli, bakwai na safe

Huɗu sun mutu.

Jiya da zan tashi na ce wa kuratan sintiri su juye su a tsohon ɗakin janareta su kulle, na tafi bariki. Ni na faɗa, ba wani ba. Mu da muka kama mutane don sun haɗa zakaru biyu-biyu, mun haɗa ashirin da uku a ɗaki ɗaya mun sa kwaɗo. Da na buɗe ƙofar, gashi da jini har a bango.

Mai zakarun wani ɗan Tibi ne, Ugondo, manomin doya ta hanyar Kwandere. Ashe tun magariba yake ihu daga cikin sel, "Ku raba su! Ku raba su!" Ɗan sandan da ke kan kanta ya ɗauka giya ce ke magana. Da na wuce ta gabansa bai zage ni ba. Cewa ya yi, "Ofisa, guda nawa?" Na ce huɗu. Ya koma ya zauna.

A gidan mahaifina ma an yi kiwon kaji. Zakara uku a tsakar gida ɗaya, in sun kaure ɗaya ya ruga, magana ta ƙare. Waɗannan ba a bar musu sanin gudu ba. Ni kuma ban tsaya na yi tunani ba, hankalina yana Kamba.

Alhamis, 10 ga Yuli, azahar

Francisca ta shigo da biro a kunne. Ta ƙirga babura, ta ƙirga adduna, har buhunan takin shari'ar bara sai da ta ɗaga ta duba. Da muka zo shafin ƙarshe ta rufe rajistar.

"Oga Labbo, wannan ba zan sa hannu ba."

"Saboda me?"

"Babur ba ya mutu. Adda ba ya mutu. Kaza yana mutu, in ya mutu kuma ni ne za a ba kweri, a ce in yi bayani. Shekaranjiya ashirin da uku, yau sha tara. Abeg, ka kai su kotu, kotu ya karɓa, ni zan sa hannu har da dangwale."

Na so in yi faɗa, amma da ni ne a gurbinta haka zan ce. Na tafi wurin Oga. Ya ce babu rabin miƙa aiki, ko duka ko babu, kuma ranar da aka gabatar da su a kotu sun sauka daga wuyana. An sa ranar 22 ga wata. Na ce to a ba ni kwana huɗu in leƙa gida in dawo. Ya ce wa zai riƙe kajin?

Shekara talatin da ɗaya cikin kaki. Wa zai riƙe kajin.

Asabar, 12 ga Yuli, yamma

Kwando goma sha tara na sayo a kasuwa, na kife kowa a nasa, na ɗora dutse. Bai isa ba. In suna hangen juna ta ramukan kwandon sai su yi ta saransa har bakinsu ya tsage. Sai da na bi shaguna ina roƙon kwali, ni da anini a kafaɗa, na zo na sa tsakaninsu. Na ɗaura wa kowa filasta a ƙafa na rubuta lamba.

Yau na dube su ɗaya bayan ɗaya. Duk an yanke musu zanko har ƙoƙon kai. Lamba 16 ido ɗaya gare shi, ɗayan rami ne da ƙuda ke bi. Lamba 11 reza ta buɗe masa ƙirji, ana ganin ƙashi. Lamba 3 fiffikensa a ƙasa yake ja. Ina jin haushin waɗanda suka kwaso min su, amma kada haushi ya mantar da ni gaskiya: mutumin da zai ɗaura reza a ƙafar tsuntsu ya tsaya yana tafi, kamu ya dace da shi.

Litinin, 14 ga Yuli, safe

Lamba 11 ya tafi. Sha takwas.

Laraba, 16 ga Yuli, huɗu da rabi

Tun Juma'a aka ba mutanen bakwai beli. Yau Ugondo ya zo da rabin buhun masara a bayan babur. Na ce doka ba ta yarda wanda ake tuhuma ya taɓa shaida ba. Ya ce ba zai taɓa ba. Ya tsaya bayan shingen waya, ni ina ciki, yana ba ni umarni kamar shi ne Sufeton.

"Ofisa, ba haka ba. Ruwan ɗumi da gishiri, ka wanke tukuna, sai ka sa man kaɗe. Wancan mai ido ɗaya kuma ba ya ganin abinci a gefen hagu. Juya masa kwano."

Na juya. Ya hau ci. Kwana bakwai ina zaton ciwo ne ya hana shi.

Na ce, "Kai da ka san duk wannan, me ya kai ka ɗaura musu reza?"

"Reza ba ni ne ya kawo ba. Masu kuɗi daga cikin gari, su ne suna so a gama da sauri."

"Amma hannunka ya ɗaura."

Ya sunkuyar da kai. "Hannuna ne." Can ya ɗago. "Amma Ofisa, zakaran gida wata shida ana yanka shi. Wannan shekara uku yana cin kifi a hannuna. Kuma ni ban taɓa kashe huɗu a rana ɗaya ba."

Na karɓi masarar, na rubuta a rajista cewa shi ya kawo.

Lahadi, 20 ga Yuli, bayan la'asar

Ɗaya in ya yi cara, sha bakwai su amsa. Matan bariki sun kai ƙarata wurin Oga, wai yara ba sa barcin safe. Ni na kamo su? Yanzu in na shigo ƙofar ofis sai in ji ana "Sarkin Zakaru ya iso," har masu kawo ƙara sun fara ɗauka. Wata tsohuwa jiya ta zo neman akuyarta, aka turo ta wurina, wai ni ne mai harkar dabbobi.

Sau biyu a rana nake wanke ciwo, sau biyu nake sauya ruwa, kashi kuma ba ya ƙarewa. Kakina na biyu warin akurki yake yi, a masallaci ma na ga ana ɗan matsawa.

Na haɗa kayana. Akwati ɗaya ne da katifa da risho. Na sayi doya goma da manja galan ɗaya na tsarabar gida, don Kulu ta ce manjan can duk gauraye ne.

Talata, 22 ga Yuli, ƙarfe biyu

Tun bakwai na loda kwanduna sha takwas a bayan mota, na zauna a tsakiyarsu ina riƙe kwali. Muka bi ta tsakiyar gari, 'yan acaɓa suna bin mu suna tambayar nawa-nawa. A kotu muka zauna har sha ɗaya, sannan magatakarda ya fito yana goge baki ya ce mai shari'a ta tafi taron ƙara wa juna sani. An ɗage zuwa 12 ga Agusta.

Sha biyu ga Agusta Talata ce. Sha biyar Juma'a. In an karɓe su ranar Talata, Francisca ta sa hannu Laraba, in kama motar Alhamis. Zai yiwu. Na lissafa sau huɗu a hanyar dawowa, duk zai yiwu, in babu wanda ya sake tafiya ƙara wa wani sani.

Alhamis, 24 ga Yuli, magariba

Kulu ce ta kira da kanta. Yayanta Sambo ya kai ta asibitin Birni. Ta ce likita ya duba ƙafar, ya nuna mata da yatsa inda yankan zai tsaya in an yi yanzu, ya kuma nuna inda zai kai in an jira. Suna son sa hannun miji.

Na ce Yaya Sambo ai zai iya.

Ta ce, "Ba ni bari su taɓa ni sai ka taho. Ba kai ka ce sha biyar ba?"

Na ce sha biyar.

"To mi ya tsai da kai har yanzu?"

Na ce wani aiki ne. Ban iya ce mata kaji ba.

Juma'a, 25 ga Yuli

Na sake komawa wurin Oga. Amsar jiya ce. In na tafi babu izini da shaida a wuyana, kora ce, maganin Kulu kuma daga aikin nan yake fitowa.

Asabar, 26 ga Yuli, takwas na safe

Kwandon Lamba 8 a kife, dutsen a kai yadda na bar shi, ciki babu kowa. Zakara dai ba ya fita ya mayar da dutse. Na zagaya bayan bariki na ga gashinsa ja a cikin shara, kusa da inda ake dafe-dafe. Ba zan rubuta sunan da nake zargi ba, don ban gani da idona ba.

Oga ya ce in rubuta ya mutu. Na ce bai mutu a hannuna ba, sace shi aka yi. Ya ce, "Labbo, a caji ofis za ka rubuta an yi sata?" Na ce a caji ofis aka yi ta. Ya dube ni ya ce taurin kan nan nawa ne ya sa abokan shigata aiki suke riƙe da manyan ofisoshi ni ina riƙe da kaji. Watakila da gaskiyarsa. Na rubuta an sace.

Na sayi kwaɗo na biyu. Sha bakwai.

Laraba, 30 ga Yuli, yamma

Kwana uku ana ruwa, rufin ɗakin janareta yana zuba. Lamba 5 da Lamba 14 sun fara gyangyaɗi suna farin kashi. Ugondo ya tsaya cikin ruwan a bayan waya yana ihu in fitar da su nesa da sauran, in ƙone kwandunan. Na aika a kira likitan dabbobi, aka ce sai an rubuta takarda daga ofis zuwa ofis. Na rubuta. Kafin ta fita daga teburin Oga su biyun sun riga mu gidan gaskiya.

Na kwaso sauran na kawo cikin sito, tsakanin babura. Francisca ta leƙo ta toshe hanci.

"Oga Labbo, nawa yanzu?"

"Sha biyar."

"Ka gani? Da ni ne na sa hannu, da yanzu ina odali rum, ana hukunta ni." Ta juya za ta tafi, sai ta dawo ta ajiye wani ƙullin magani a kan tebur. "Mamana yana sa wa nata a ruwa. Ban ba ka komai ba fa."

Lahadi, 3 ga Agusta

Babu wanda ya mutu.

Talata, 5 ga Agusta, bayan azahar

Kwana shida babu wanda ya mutu. Ban so in rubuta ba don kada in yi musu baki, amma sun yi kyau. Lamba 3 ya ɗaga fiffikensa. Gashi ya rufe ciwukan, wuyansu yana sheƙi. Mai ido ɗayan nan da ya ji ƙarar makullina yake fara kiran abinci, in na sa hannu cikin kwandonsa ba ya sara na. Ba son su nake yi ba. Kaji ne, kuma su suka tsare ni a garin nan. Aikin da aka ba ni dai na yi.

Doyar tsaraba biyu sun fara ruɓewa, na ba matar maƙwabcina.

Kulu ta ce warin ƙafar ya sa ta koma kwana a rumfa. Da dariya ta faɗa.

Juma'a, 8 ga Agusta, bayan masallaci

Sufeto Babagana, mai gabatar da ƙararmu a kotu, ya zo duba shaidarsa. Mutumin kirki ne a yawancin kwanaki, tare muke cin abinci wurin mai shinkafa. Ya ɗaga kwando ɗaya, ya ɗaga na biyu, ya ɗaga na uku, sai ya zauna a kan babur ya cire hula.

"Labbo, me ka yi musu?"

"Abinci da ruwan gishiri."

"Ka kashe ni. Tuhuma biyu gare ni, caca da azabtar da dabbobi. Ta caca babu ko sisi a fayil, kada ka tambaye ni inda kuɗin suka bi. Azabtarwar ce ta rage, kai kuma ka warkar min da ita. Wannan in na kai gaban mai shari'a ai sai ta tambaye ni kuɗin guda."

Na ce ai an ɗauki hoto ranar kamun. Ya buɗe fayil ya miƙo min. Hoto tara. Oga a tsaye, Oga yana nuni da sanda, mutum bakwai a zaune, buhu huɗu a ɗaure. Ko ƙafar zakara ɗaya ba ta fito ba.

Ya ce in sun je a haka ba zai gabatar da su ba, ɗagewa zai nema ya je ya nemo wata hujjar. Na ce Babagana, ka san maganar sha biyar ga wata, ka san maganar gidana. Ya ce ya sani, shi ya sa zai faɗa min abin da zai faɗa. Ya tashi ya tura ƙofa.

"Ranar Litinin ka ɗauki biyu ka kai bayan sito ka haɗa su. Minti biyar, babu reza, babu komai. Ka yi haka sau uku, shida sun isa. Talata in ɗaga su gaban kotu da jini a jiki, a karɓa, ka kama hanyarka. Ba ƙarya za mu yi ba, Labbo. Haka suka zo. Mayar da su za ka yi yadda ka same su."

Na ce ciwon wata guda da na jiya ai ba ɗaya ba ne. Ya ce wa zai duba? Na ce faɗan zakaru fa muke tuhumar mutane da shi. Ya ce, "Sarkin Zakaru, matarka ko kaji?"

Ban kore shi ba. Wannan nake son in rubuta. Ban kore shi ba, na ce zan yi tunani.

Asabar, 9 ga Agusta

Haka suka zo. Wannan gaskiya ne.

Lahadi, 10 ga Agusta, yamma

Ugondo ya kawo masara da ɗan busasshen kifi. Ya leƙa ta taga ya ga Lamba 16 yana kakkaɓe jiki, ya yi dariya, ya ce, "Ofisa, ko a gidana bai yi ƙiba haka ba." Na ce ya ajiye ya tafi, ina da aiki. Ya tsaya yana kallona, ya tafi.

Na kira gida, Yaya Sambo ya ɗauka, ya ce zazzaɓi ya rufe ta, tana barci.

Litinin, 11 ga Agusta, goma na safe

Hannun dama ne, shi ya sa rubutun ya karkace.

Litinin, bayan la'asar

Bari in rubuta, tunda babu mai karantawa sai ni.

Da aka watse daga faretin safe na ɗauki Lamba 7 da Lamba 16 na zagaya bayan sito. Na zaɓi 16 ne don na ce ai da ma ido ɗaya gare shi, kotu za ta fi tausayi. Haka na lissafa, ni Labbo. Na ajiye su, na ja baya. Nan take gashin wuyansu ya miƙe. Bakwai ya zagaya ta hagu, ta gefen da ɗayan ba ya gani, shi kuma yana ta juya kai yana neman inda abokin faɗan ya shiga. Wata guda ina juya masa kwano saboda gefen nan.

Ban san lokacin da na faɗa tsakaninsu ba. Bakwai ya riga ya tashi sama, ƙaiminsa ya same ni daga tushen babban yatsa har wuyan hannu. Ɗinki biyar aka yi min a kemis ɗin bakin titi. Su ko ƙwarzane babu.

Babagana ya zo da azahar ya ɗaga kwanduna, ya dubi bandejin, ya nufi ƙofa. "Allah ya ba ka lada, tunda ni ba ni da abin ba ka."

Ba lada nake nema ba. Gida nake so.

Talata, 12 ga Agusta, biyar na yamma

Mai shari'a ta ce ba za a shigar mata da kaji ɗakin kotu ba, ta fito da kanta gindin bishiya inda na jera kwandunan. Sha biyar suka haɗa baki suka yi mata cara. Lauyan su Ugondo har da riƙe ciki. Ya ce ranki ya daɗe, in wannan ne azabtarwa, shi ma yana roƙon a azabtar da shi.

Babagana ya miƙe zai nemi ɗagewa, ta ɗaga masa hannu. Ta tambayi wa ke kula da su. Na ce ni ne. Ta ce haka suka zo hannunka?

Da na ce ban tuna ba, watakila da lauyan ya nemi a kori ƙarar, a mayar wa mai su, in tafi. Na ga hanyar a buɗe. Amma tambayata aka yi a gaban kotu. Na ce a'a ranki ya daɗe. Na ɗaga 16 na nuna mata ramin idon. Na buɗe gashin 3 na nuna tabon. Na faɗi yadda ƙirjin 11 yake kafin ya mutu. Na faɗi na ɗakin janareta ma, na ce wannan laifina ne, ba na waɗanda ake tuhuma ba. Ugondo yana tsaye kansa a ƙasa.

Ta daɗe tana rubutu. Sannan ta karanta: an ɗage zuwa 16 ga Satumba. Sufeto Labbo zai zo ya ba da shaida a kan rantsuwa, tunda shi kaɗai ya ga raunukan. Kuma da yake kotu ba ta da wurin ajiye tsuntsaye, kuma ta gamsu da irin kulawar da suke samu, za su ci gaba da zama a hannun Sufeto Labbo, shi da kansa, ba waninsa ba.

Na ce ranki ya daɗe, an yi min canjin wurin aiki, Juma'a ce ranar ƙarshe. Ta ce wannan tsakanina da shugabannina ne. Ta ƙara da cewa da ma'aikata irina sun yi yawa da ƙasar nan ta gyaru. Mutane suka yi tafi. Na loda kwanduna.

Laraba, 13 ga Agusta, azahar

Oga ya ce umarnin kotu umarnin kotu ne, da sunana a ciki. Ya ce zai rubuta a ɗaga min ranar. Ya buga waya a gabana, wannan kam na shaida, bai yi min ƙarya ba. Daga can aka ce mutum uku ke layi a kan gurbin, in sake nema baɗi.

Francisca ta zo ta tsaya a ƙofar sito ta ce, "Oga Labbo, sorry." Na ce ba laifinta ba ne. Ba laifinta ba ne. Na duba ko'ina ban sami wanda zan ɗora wa duka ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Alhamis, 14 ga Agusta, bayan la'asar

Motar Kebbi ta tashi tun safe.

Na kira Kulu na gaya mata komai, daga buhunan har gindin bishiya. Bayan sito kaɗai na tsallake. Ta saurara har na gama.

"Kaji, Malam?"

"Kaji."

Na ce ta yi wa Allah ta bar Yaya Sambo ya sa hannu, kada ta ƙara jira na ko kwana ɗaya.

Ta ce, "Ai ya sa tun Talata. Da na ji magariba ta yi ba ka kira ba, na ce mai ya sa. Gobe da safe za su yi." Ta yi tari. "Shekara nawa muna tare, ban san ka ba? Je ka ba su ruwa."

Ta kashe wayar. Ban gane ko fushi ne ko ba fushi ba ne.

Juma'a, 15 ga Agusta, ƙarfe uku

An yi aikin ƙafar da safe. Yaya Sambo ya ce ta farfaɗo, ta nemi kunu. Ban tambaye shi a ina likitan ya tsaya ba, shi ma bai faɗa ba.

Na kwance katifata na mayar kan gado. Na share sito, na sauya kwalayen da suka jiƙe.

Zakara ashirin da uku na sa wa hannu. Huɗu sun kashe juna, ɗaya reza ta ci shi, ɗaya an sace, biyu ciwo ya ɗauke. Sha biyar suna nan da ransu, sun ci sun sha.